Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga MDCN da NUC: ku turo mana ɗaliban likitanci su zauna da mu kafin ku ba su lasisi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugabannin hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa wato MDCN, da hukumar kula da jami'o'i NUC, da iyayenmu farfesoshi masu riƙe da makarantun koyon likitanci musamman na nan arewa. Ranku ya daɗe, Allah ya ƙara girma ya kuma taya ku riƙo.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta matakin farko, irin mu da ake ce wa CHEW, na daɗe ina aiki a ƙananan asibitoci a gefen garin Jos da wasu ƙauyukan Filato. Ba da bakina kaɗai nake magana ba, ina magana ne da yawun abokan aikina da muke kwana a asibitocin da babu likita, da ungozomomi, da dattawan kwamitin unguwa da suke bin gida gida lokacin rigakafi, da iyaye mata da suke zuwa awo da goyo a baya. Mun tattauna wannan maganar a tsakaninmu har mun gaji, shi ne aka ce in rubuta.

Abin da ya taso da maganar shi ne sanarwar da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya yi a 2024, cewa an ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun likitanci da na nas nas da sauran fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Wallahi mun yi murna, domin mu ne muka fi kowa sanin zafin rashin likita, mu ne muke kallon idon miji mu ce masa ya nemo mota ƙarfe biyun dare. Amma tun daga lokacin tambayar da muke yi ita ce, wane irin likita za a yaye mana? Idan irin tarbiyyar da ake yi yanzu za a ninka, to za a ninka likitocin da suka ƙware a aikin babban asibiti ne kawai, su kuma mutanenmu yawancinsu ba sa kai wa babban asibiti, a gida suke mutuwa ko a hanya.

Kokenmu na farko shi ne inda ake koyar da su. Yaro zai yi shekara shida a makaranta, ya yi shekara ɗaya ta koyon aiki, kusan duka a asibitin koyarwa inda akwai ɗakin gwaji, akwai sikanin, akwai bankin jini, akwai babban likita a kansa da zai tambaya. Mun san akwai darasin lafiyar al'umma a manhaja, mun san ana fita da su fostin ƙauye, amma makonni ne ƙalilan a cikin shekarun nan duka, kuma da yawansu suna ɗaukarsa lokacin hutu ne kafin babbar jarrabawa. Ana gamawa sai a turo shi bautar ƙasa wani gari da babu wuta, firij ɗin allura da sola yake aiki in ya ga dama, shi kaɗai ne likita a ƙaramar hukuma guda ko rabinta. Kamar a koya wa mutum tuƙi a titunan Abuja ne sannan a miƙa masa makulli a ce ya hau hanyar ƙauye da damina.

Bari in ba ku misali da abin da na gani da idona. An taɓa turo mana wani matashin likita ɗan bautar ƙasa, yaro mai ladabi mai ƙoƙari, ba ni da abin da zan ce a kan halinsa sai alheri. Aka kawo manomi maciji ya sare shi a gona, sun riga sun biya ta wajen mai maganin gargajiya an ɗaure ƙafar tamau an tsaga wurin, dasashinsa na fitar da jini. Likita ya ɗauki takarda ya rubuta gwaje gwaje da sai a cikin Jos za a iya yinsu. Wani tsohon ma'aikacinmu ne ya ja shi gefe cikin girmamawa ya nuna masa cewa ana ɗiban jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a ajiye minti 20, in an karkata kwalbar jinin bai daskare ba to dafin kububuwa ne ya shiga jiki, allurar kashe dafi yake buƙata yanzu yanzu, ba jiran sakamako ba. Likitan ya ce ya taɓa karantawa amma bai taɓa ganin an yi ba. To wannan fa a jihar da kudancinta, su Langtang da Wase da Shendam da Kanam, kowa ya san yadda kububuwa take yi wa manoma da makiyaya ɓarna lokacin shuka da girbi. Cibiyar lafiya ta Zamko da ke ƙarƙashin asibitin koyarwa na Jos ta yi suna a kan maganin saran maciji, haka asibitin Kaltungo a Gombe, mutane na zuwa daga jihohi daban daban. Ilimin yana nan a ƙasarmu, a hannun mutanenmu. Ɗalibin da ya yi wata biyu ko uku a irin waɗannan wurare yana karɓar masu sara da hannunsa ba zai taɓa mantawa ba har ya tsufa.

Haka abin yake a ɗakin haihuwa, kuma nan ne ya fi yi mana ciwo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, mu kuma da muke ƙasa mun san abubuwan da ke kashe su ba ɓoyayyu ba ne, zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, da cutar da ke shiga bayan an haihu a wuri mara tsabta. Maganinsu ma sananne ne. Amma sanin sunan magani a takarda daban, iya tsayawa kai kaɗai da fitilar waya a baki kana murza mahaifa kana ba da umarni a nemo mai ba da jini daban. Likitan da za a turo mana ya kamata ya san allurar tsayar da jini tana lalacewa in ta sha zafi, ya san yaushe zai koma ga ƙwayar da ba ta buƙatar firij, ya san yadda zai fara yi wa mai jijjiga allura kafin ya tura ta gaba, ya kuma san cewa tura mara lafiya ba rubuta takarda ba ne kawai, sai ya san wa ke da mota a garin, nawa ne kuɗin mai, wace gada ce ruwa ke shanyewa a watan Agusta, kuma wa zai ba da izini idan maigida ya tafi kasuwa. Ku je cibiyar masu yoyon fitsari da ke asibitin Evangel a nan Jos ku tambayi matan da ke kwance kwana nawa suka yi suna naƙuda kafin a fito da su daga gida, amsar da za ku ji ita ce darasin da muke so a koya wa ɗalibai tun kafin su taɓa riƙe wuƙar tiyata.

Koke na biyu, ba a koya musu zama da mutane. Wannan ba zagi ba ne, gaskiya ce. Mace mai haihuwar fari a wajenmu kunya kan hana ta faɗin naƙuda ta fara, uwa za ta kai jariri wajen wanzami a cire masa beli kafin ta kawo shi wajenmu, mai jego za a yi mata wankan ruwan zafi a ba ta kunun kanwa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi bincike suka nuna alaƙar wannan al'ada da ciwon zuciya da kumburin masu jego. Likitan da bai san waɗannan ba ba zai ma yi tambayar ba, wanda kuma ya sani a littafi kawai sai ya hau faɗa, ya ce wa tsohuwa jahila a gaban surukarta, shi ke nan ya rasa gidan nan gaba ɗaya har da maƙwabtansu, gobe ko yaro na suma kemis za su tafi. Mu mun koyi cewa kakar yaro ake fara lallashi, a gaishe ta da kyau, a tambaye ta yadda suke yi a da, sannan a shigo da maganar man shafa cibiya maimakon toka ko man goge baki. Wannan ilimi ne, kuma ba a ajin lakca ake samunsa ba.

Kuma don Allah a riƙa koya musu tarihin da ya sa mutanenmu ke ɗari ɗari. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 har yau yana bakin mutane, shi ne ma ɗaya daga cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Abin da ya dawo da mutane ba tsawa ba ce, sarakuna ne da malamai da mata masu bin gida gida, har aka kai 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Likitan da bai san wannan labarin ba in uba ya hana a yi wa ɗansa allura zai ɗauka taurin kai ne kawai.

Ga kuma maganar yare. A Filato muna da Birom, Angas, Tarok, Mwaghavul, Goemai, Jarawa, Fulani da wasu da yawa, Hausa ce ta haɗa mu a kasuwa da asibiti. Ana yaye likita a arewa bai iya tambayar mara lafiya ina ke yi maka ciwo da yaren da yake ji ba, sai a kira mai shara ko maigadi ya yi tafinta. Ku yi tunanin matar aure mai ciwon sanyi ko wadda mijinta ke duka, za ta faɗi sirrinta ta bakin maigadin da suke unguwa ɗaya? Ba za ta faɗa ba, za ta ce zazzaɓi ne a ba ta magani ta tafi da ciwonta.

Koke na uku ya shafi ido a kan annoba. Jos tana da tarihi a nan da bai kamata a yaye likita bai san shi ba. A 1969 aka kawo wata nas daga garin Lassa zuwa asibitin mishan na Jos da zazzaɓin da ba a san shi ba ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta rasu, a 1970 kuma cutar ta sake ɓarkewa a asibitin har ta kashe likita Jeanette Troup. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa, kuma har yau duk rani sai mun ji ya ci ma'aikatan lafiya a wani wuri. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka mutu saboda gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, kafin a gane an yi ta ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Mashaƙo da ya ɓarke a Kano da wasu jihohi a 2023 yawancin yaran da ya kama ba su da cikakken rigakafi. Duk waɗannan a unguwa suke farawa, kuma wanda zai fara ganewa shi ne wanda ya saba tambayar ina gidanku, wa kuma ke ciwo a gidan, ina kuke ɗebo ruwa, wace sana'a ake yi a tsakar gida. Na sha ganin sabon likita da bai san akwai jami'in sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma ba balle ya san lambarsa, ya duba yara uku 'yan layi ɗaya masu amai da gudawa ya sallame su ɗaya bayan ɗaya bai haɗa su wuri ɗaya a ransa ba.

Akwai wani abu ƙarami da yake ɓata wa dattawanmu rai, shi ne ɗaliban da ke zuwa da takardun tambayoyi don aikin furojet ɗinsu. Mai unguwa zai tara musu mutane, mata su bar girki su amsa, a ɗauki hoto a shiga bas, ba a sake jin ɗuriyarsu. Ba wanda ya dawo ya ce ga abin da muka gano game da rijiyarku. Yanzu in muka ce baƙi za su zo sai a ce mana waɗancan me suka tsinana.

Ranku ya daɗe, abin da muke nema ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Jami'ar Ibadan ta fara shirin Ibarapa na kai ɗaliban likitanci karkara a garin Igbo-Ora tun 1963, Jami'ar Ilorin ta gina karatun likitancinta a kan tura ɗalibai cikin al'umma tun daga ƙananan azuzuwa, asibitin koyarwa na Jos ma yana da cibiyoyin lafiya a Gindiri da Zamko. A Sudan ma da yaranmu da yawa suka yi karatu, jami'ar Jazira da wannan tsarin ta yi suna. Duniya ta amince da kiwon lafiya matakin farko a taron Alma-Ata a 1978, marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora ƙasar nan a kansa lokacin da yake minista daga 1985, har aka kafa hukumar lafiya matakin farko a 1992. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Gine gine ana yi, fenti ana shafawa, amma mutumin da zai jagoranci aikin a ciki ana tarbiyyarsa ne don wani wuri daban.

Na san za a ce tsaro, kuma ba zan raina wannan ba. Mu ne muke zaune a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, mun san abin da muka gani. Ba mu manta da ɗaliban likitanci 20 na jami'o'in Jos da Maiduguri da aka sace a hanyar Otukpo a jihar Binuwai a watan Agustan 2024 ba, mun yi ta addu'a har Allah ya kuɓutar da su. Ba mu ce a jefa 'ya'yan mutane cikin haɗari ba. Amma akwai garuruwa da yawa da ke zaune lafiya, kuma a cikin Jos kanta akwai Gangare da Rikkos da Anguwar Rogo da Tudun Wada, inda cunkoso da matsalar ruwa da tamowa suke kamar kowane ƙauye, tafiyar keke napep ce daga makaranta. Rashin tsaro dalili ne na a zaɓi wuri da kyau, a yi masauki mai katanga, a haɗa kai da sarakuna.

Don haka ga roƙonmu kai tsaye.

Ga NUC, sabuwar manhajar da kuka ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Muna roƙon ku sa ido makarantun likitanci su zuba wani ɓangare mai kauri na wannan kaso a kan cututtuka da al'adun yankin da suke, a kuma sa koyon yaren da marasa lafiya ke ji, a gwada ɗalibi a kai a gaban mara lafiya na gaske.

Ga MDCN, ku ne masu tantance makarantu da ƙayyade yawan ɗalibai. Kada ku ƙara wa makaranta gurbi sai kun je da ƙafarku kun ga inda za ta kai ɗaliban a cikin al'umma, akwai masauki, akwai ruwa, akwai malamin da zai kwana da su a can ba wanda zai zo ya sa hannu a rajista ya juya ba. A mayar da zaman nan ya fara tun daga aji biyu ko uku, a ba kowane rukuni unguwa ɗaya da za su riƙa komawa duk shekara har su gama, su ga jaririn da suka auna ya fara tafiya, su kuma tsaya gaban mai unguwa su faɗa masa abin da bincikensu ya nuna. Jimillar zaman ya kai watanni. Sannan a shekarar koyon aiki a ware wani lokaci a babban asibitin ƙaramar hukuma ƙarƙashin likitan iyali ko wani babba, tun kafin bautar ƙasa ta jefa yaro shi kaɗai.

Ku ba mu dama mu ma mu koyar. Akwai nas da ungozoma da CHEW da suka karɓi haihuwa fiye da yadda za su iya ƙirgawa, sun san yadda ake ɗaura tef a dantsen yaro a ga ya shiga ja ƙasa da santimita 11.5 a san tamowa ta yi tsanani, sun san lissafin firij da rajistar rigakafi. A sa su cikin masu sa wa ɗalibi hannu a littafin fostin, a ba su ɗan alawus, ɗalibin da CHEW ta koya wa aiki ba zai zo gobe yana yi mata tsawa a gaban marasa lafiya ba.

Ga iyayenmu shugabannin makarantu da gwamnonin da ke biyan tallafin karatu, hukumar lafiya ta duniya tun 2010 ta ba da shawarar a riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara domin su suka fi komawa su zauna. Yarinyar da ta yi sakandaren gwamnati a Wase ko Dengi ba ta da kuɗin lesin ɗin JAMB kamar ɗan Rayfield, unguwar masu hali a Jos, amma in aka ba ta shekarar share fage da tallafi, da yarjejeniya a rubuce cewa za ta yi wa yankinta aiki na wasu shekaru, da yardar Allah za ta dawo. Wannan ya fi mana ƙudirin da aka kawo majalisar wakilai a 2023 na hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida, domin wanda aka tsare da ƙarfi jikinsa ne kawai zai zauna, kuma ko ya zauna a birni zai zauna. Wanda kuma ya yarda ya zo ƙauye a biya shi alawus ɗinsa a kan lokaci, a ba shi gida mai wuta da ruwa, a kuma ba shi fifiko in ya zo neman gurbin ƙwarewa.

Muna roƙon in za ku zauna duba manhaja nan gaba ku gayyaci wakilan ma'aikatan matakin farko da na kwamitocin unguwa su zauna a teburin, ko a Abuja ne za mu haɗa kuɗin mota mu zo. In kuma kun fi so ku fara gani da idonku, ƙofar asibitocinmu a buɗe take, ku zo ranar awo ko ranar rigakafi da sassafe.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam,
Taku, wata ma'aikaciyar lafiya matakin farko, a madadin abokan aikinta
Jos, jihar Filato